Gyaran da aka ɗebo daga cikin awona

Kuɗin da na fara zubawa a injin caca ma ba nawa ba ne. Wani Kwara ne ya miƙo mini guntun tikiti a ƙofar ɗakin caca na wani babban otal a Ikeja, wajen ƙarfe ɗaya na dare, bayan na kawo masa naira na karɓi dalarsa. Ya ce saura dubu biyu da ɗari biyar a ciki, shi ya gaji, in kai wa kashiya in karɓa in sha shayi. Mai gadin ya san fuskata, ya bar ni na shiga. Kafin in isa wajen kashiyar sai da na wuce ta gaban injuna sun fi talatin a jere, kowanne da fitilunsa da kiɗansa. Na tsaya kallo. Daga kallo na zauna.

Ni ɗan Funtuwa ne. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mai awon hatsi ne, a gindin buhun masara da dawa muka tashi. A 2017 na tafi Legas wajen wani Alhaji ɗan garinmu mai sana'ar canji, ina kwana a Agege ina fitowa Ikeja. Zuwa 2019, lokacin dala tana wajen naira 360 a hannunmu, Alhaji ya yarda da ni har ya bar mini jakar dare. Masu kiran dare yawanci 'yan caca ne: Kwarori, 'yan Sin, Indiyawa, da namu manya da ba sa son a gan su da rana. Shekara biyu ina kai kuɗi ƙofar nan ban taɓa taka ciki ba.

Injin da na zauna a gabansa allo ne mai sahu biyar a tsaye, kowane sahu hotuna uku yake nunawa. Ka danna maɓalli, hotunan su gangaro da gudu, su tsaya ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama. Na cusa tikitin, wata ma'aikaciya ta saita mini naira ɗari kowane juyi. Juyi na tara ko na goma sai ga hoton wani akwatin zinare ya fito a sahu na ɗaya, ya fito a na uku, ya fito a na biyar. Allon ya yi duhu, kiɗa ya canza, aka rubuto cewa na samu juyi goma kyauta. Ban taɓa komai ba, injin ya yi ta juya kansa, kuma duk abin da na ci sai a ninka shi uku. Da ya gama, dubu arba'in da shida na gani a rubuce. Ribar da nake samu a mako ba ta kai haka ba.

A daren nan ban yi barci ba. Ba kuɗin ne ya hana ni ba, waɗannan akwatuna uku ne, da yadda kiɗan ya canza.

Bonas suke ce masa. Duk wanda ka gani a gaban injin, shi yake jira. Juyin yau da kullum ba ya burge kowa, hanya ce kawai da ake bi a kai ga bonas. Cikin wata biyu na haddace ire-irensa kamar yadda na haddace farashin fam da yuro. Akwai hoton da suke kira sikata, shi ne irin akwatin nan nawa. Ba sai ya hau layi ba, wato jerin da hotuna iri ɗaya suke haɗuwa a kai kafin a ci, ko'ina ya faɗo a allo ana ƙirga shi, in sun kai uku sai a buɗe juyin kyauta. Akwai wanda yake zama kowane hoto don ya cike maka layi, kamar katin wot mai lamba 20 a karta. Wani lokaci ya bazu ya rufe sahu guda, wani lokaci ya liƙe a wurinsa har bonas ya ƙare. Akwai ninki, sau biyu, sau biyar, sau goma. Akwai wanda za a jero maka akwatuna ko tukwane a ce ka zaɓa da yatsanka. Akwai kuma ja ko baƙi: ka ci dubu biyar, injin ya tambaye ka ko za ka ninka, ka canki launin kati, in ka dace ta zama dubu goma, in ka kuskure ta tafi gaba ɗaya. A can sama kuma ga jakfot, wato babbar kyautar injin, lambobi suna ta hawa dare da rana.

Mu masu zama a wajen muna da iliminmu da muka ƙirƙira. Mukan ce injin kaza ya cika, ya kusa amai. In wani ya zuba dubu ɗari bai samu bonas ba ya tashi, sai ka ga ana rige-rigen kujerarsa. Wani yana shafa allo kafin ya danna, wani yana danna maɓallin sau biyu don ya tsayar da sahun da kansa. Ni kuma na yi imani cewa bayan ƙarfe uku na dare injunan sun fi saki.

Wanda ya fara rushe mini wannan ilimi mai gyaran injunan ne, wani Bayarabe haifaffen Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Mukan haɗu a teburin mai shayi a bayan otal ɗin gab da asuba. Wata rana ya ga na fito ina ta lissafi da yatsu, na ce masa injin kusurwa ya ci mini dubu tamanin, gobe dole ya yi amai. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, injin nan ba shi da ciki. Ba ya ƙoshi balle ya yi amai. Ni nake buɗe shi."

Ya ce a cikinsa kwamfuta ce da ke ta fitar da lambobi barkatai ba tsayawa, ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, ko akwai mutum a kujera ko babu. Lokacin da yatsanka ya taɓa maɓalli, lambar da ta zo daidai wannan ƙiftawar ita ce rabonka, bakin alƙalami ya bushe. Gudun hotunan da kake kallo, da tsayawarsu ɗaya bayan ɗaya, nuni ne kawai ake yi maka na abin da aka riga aka yanke. Injin bai san ka zuba dubu tamanin ba, bai san jiya ya biya wani ba. Juyi na dubu da juyi na farko duk ɗaya ne a wurinsa.

Na ce to yaya akwati biyu suke yawan fitowa, na ukun ya tsaya a saman allo kaɗan, ana ganin gefensa? Ai wannan alama ce ya kusa. Ya ce ba wani kusa. Ya ce in lura, duk sanda biyu suka fito sai sauran sahun su ƙara tsawon gudu, fitila ta kewaye su, kiɗa ya riƙa hawa kamar ana kiɗa wa ɗan dambe. An gina hakan ne da gangan don zuciya ta riƙa bugawa, alhali tun dannawar an san ko na ukun zai zo ko ba zai zo ba. Biyu kuwa dole su fi uku yawan fitowa, lissafi ne ya ba da haka. Shi ne ya ba ni labarin wani mutumin Norway, Inge Telnaes, da ya yi rajistar wata dabara a Amurka a 1984. Kafin nan injin mai faifai na ƙarfe iyakacin abin da ke jikin faifan shi ne damarka, hoto ashirin ko ashirin da biyu. Dabararsa ta sa kwamfuta ta riƙe wani dogon jeri a ɓoye, ta ba wani hoto gurbi da yawa, ta ba babban hoto gurbi ɗaya tak. Ido yana ganin kamar damarsu ɗaya, a ciki kuwa ba haka ba ne. Shi ma bonas mai buɗe sabon allo, in ji shi, ba tun asali yake ba. A tsakiyar shekarun 1990 ya fito a Ostareliya da Amurka, kusan shekara ɗari bayan Charles Fey ya ƙera injinsa mai faifai uku a San Francisco.

Game da zaɓen akwati kuwa, wanda nake ji kamar hannuna ne ke aiki, ya ce wasu injunan sun riga sun yanke abin da za su ba ka, duk wanda ka taɓa shi za ka gani. Wasu kuma da gaske ka zaɓa, amma an riga an auna abin da aka zuba a cikin akwatunan gaba ɗaya, gidan ba zai faɗi ba. Jakfot ɗin da ke hawa a sama, ɗan wani abu ake gutsura daga zubin kowa ana tarawa.

Na ji duk wannan da kunnena. Na gane shi sarai. Washegari da dare na koma injin kusurwa. Wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo in na tuna, kuma shi ya sa nake rubuta labarin nan. Ba jahilci ne ya riƙe ni ba. Kaina ya yarda da maganar mutumin nan, amma da zarar akwati biyu sun tsaya kiɗan ya fara hawa, sai ƙirjina ya ƙaryata shi.

Akwai wani abu da sai daga baya na lura da shi. Lokacin na koma zuba naira ɗari biyar kowane juyi, a kan layi ashirin da biyar, wato naira ashirin kowane layi. Sai in danna, layi biyu su ci, injin ya yi ta ƙara, hotuna suna rawa, ya rubuta na ci naira ɗari da hamsin. In ji daɗi har in gyara zama. Alhali ɗari biyar na ba shi ya maido ɗari da hamsin, asarar ɗari uku da hamsin ce aka yi mini guɗa a kanta. A dare ɗaya ana yi mini wannan guɗar sau ɗaruruwa. Sai in fito ina jin kamar yau na yi ta ci, in laluba aljihu ba komai, in rasa inda kuɗin suka bi.

Daren da ba zan manta ba shi ne na wani injin tsaba. Shi nasa bonas ɗin, in tsabar zinare shida suka faɗo sai su liƙe, a ba ka juyi uku. Duk sanda wata sabuwar tsaba ta faɗo sai ta liƙe ita ma, lissafin ya koma uku. Gurbi goma sha biyar ne a allon, wanda ya cike su duka ya ɗauki babban jakfot, ranar ya haura naira miliyan huɗu. Na fara da shida. Bakwai, tara, goma. Mutane suka fara taruwa a bayana. Goma sha biyu. Wata mata ta dafa kujerata tana ihu. Goma sha uku, saura juyi ɗaya, sai ga ta goma sha huɗu ta faɗo, lissafi ya koma uku. Gurbi ɗaya ya rage, can ƙasa ta hagu. Tafin hannuna ya jiƙe, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Juyi na farko, wayam. Na biyu, wayam. A na uku na runtse ido, kuma wallahi bakina salati yake yi, a gaban injin caca. Na buɗe, gurbin yana nan baƙi.

An biya ni dubu ɗari da sittin a wannan bonas. Ban ji na ci komai ba, ji na yi an ƙwace mini miliyan huɗu. Kafin kiran assalatu dubu ɗari da sittin ɗin sun koma inda suka fito, har da dubu saba'in daga jakar Alhaji. Ranar ce hannuna ya fara shiga amanar da aka ba ni. Na cike gurbin da kuɗin da nake tarawa na lefe.

A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Legas saboda korona, ɗakin cacar ya rufe. Na ce alhamdu lillahi, Allah Ya raba ni da shi. Ko mako biyu ba a yi ba wani da muka saba haɗuwa a can ya turo mini wani shafi a waya. Irin injunan ne dai, amma yanzu suna ƙarƙashin matashina. Ba mai gadi, ba kuɗin mota, ba wanda zai gan ni. A nan na ci karo da maɓallin da ya ƙarasa ni: sayen bonas. Ba sai ka jira sikata ba. Ka biya ninki ɗari na zubinka, nan take a buɗe maka juyin kyautar. In zubinka naira ɗari biyu ne, dubu ashirin ke nan. Minti biyu an gama. Na saya ya ba ni dubu uku, na sake ya ba ni dubu bakwai, na sake ya ba ni dubu sittin, na ce yauwa. Abin da a da nake asara a dare guda, yanzu tsakanin Magariba da Isha'i yake tafiya. Ana kiransa na kyauta, ni kuma ina ciro dubu ashirin ina saye, ban taɓa tsayawa na ji yadda maganar ta ci karo da kanta ba.

Kuɗin lefe suka ƙare kafin babbar sallah. Na fara juya kuɗin abokan ciniki, na wannan in biya wancan. A Nuwamba wani ya ba ni dala dubu biyar in kai wa Alhaji, na canzar da su, na ce zan mayar kafin Litinin. Dare huɗu suka yi.

Ranar da na je gaya masa, na same shi a kan darduma bayan La'asar. Na durƙusa na ce, "Alhaji, na ci amanarka." Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Da ɓarayi ne suka tare ka, da na ce ƙaddara. Kai ɗan Malam ne fa. Mahaifinka ko ƙwayar dawa bai taɓa tauye wa mutum ba." Bai kira 'yan sanda ba. Ya ɗauko takarda ya lissafa kuɗin a farashin ranar, naira 470, ya kama miliyan biyu da dubu ɗari uku da hamsin. Ya ce a naira zan biya, ba a dala ba. Sai da dala ta haura naira 1,500 a 2024 na san girman alherin da ya yi mini da wannan kalma ɗaya. Ya karɓi jakarsa, ya ba ni kuɗin mota, ya ce in koma gaban Inna.

Maganar auren ta lalace, ban kuma ga laifin iyayen yarinyar ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuka ta yi, wanda ya fi faɗan zafi. Na yi wata uku ba na son fita ko ƙofar gida. Ko a cikin salla sai in ji kiɗan nan yana hawa a kaina.

Ƙanina da ke karanta lissafi a jami'a a Zariya shi ya zauna da ni wani dare da biro da takarda. Ya ce, "Yaya, buɗe mini shafin bayanin wasan." Can ƙasa, cikin ƙananan rubutu, ga shi an rubuta cewa wasan yana mayar da kashi 95 da ɗoriya cikin ɗari. Ban taɓa buɗe wajen ba. Ya ce wannan lissafin miliyoyin juyi ne na dukkan 'yan wasa, ba alƙawari ba ne gare ni. Sannan ya ce mu yi misali. A ɗauka kashi 95 ne cif, kuma 30 daga ciki an ware su an ajiye a bonas, juyin yau da kullum 65 kawai yake mayarwa. A ɗauka bonas yana zuwa sau ɗaya a juyi 150. A naira ɗari biyar, ka zuba dubu 75 kafin ya zo. A hanya an riƙe maka 26,250. Bonas ya zo da kiɗa da fitilu ya ba ka 22,500 a matsakaici. Saura 3,750, sun zama na gidan. Kuma wannan matsakaicin, in ji shi, 'yan ƙalilan da suka ci manya ne suka ɗaga shi, yawancin bonas ba ya kaiwa nan. Mai danna maɓalli duk daƙiƙa shida yana yin juyi 600 a awa, ya zuba dubu ɗari uku ba tare da ya sani ba, domin kuɗin da aka maido masa yake sake zubawa.

Ina kallon takardar sai Baba ya faɗo mini a rai. Muna yara ya taɓa nuna mini mudun wani mai awo da aka kama. An dake gindinsa ciki, an kuma ɗan rage bakinsa. Mutumin ya yi suna wajen gyara, in ya gama awo sai ya cika hannu biyu ya watsa maka a buhu, mata suna ta sa masa albarka, layinsa ya fi na kowa tsawo. Baba ya ce, "Duba da kyau. Gyaran nan daga cikin awonsu yake ɗebowa, kuma ba duka yake mayarwa ba." Shekara ɗaya da rabi ina bin layin mai irin wannan mudu, ina murna duk sanda ya cika hannu.

Ƙanin nawa ya nuna mini cewa masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun auna jikin 'yan wasa a 2010, suka ga asarar da aka yi wa kiɗa tana motsa jiki kusan kamar cin gaske. A Birtaniya ma daga ƙarshen Oktoba 2021 an hana injunan intanet yin murna a kan abin da bai wuce zubin mutum ba, an hana juyi mai sauri fiye da daƙiƙa biyu da rabi, an hana injin ya riƙa juya kansa, sayen bonas kuwa dama ba a yarda da shi a can ba. Raina ya ɓaci da na ji haka. Abin da suka ga ya yi wa mutanensu illa har suka taka masa birki, shi ne yake shigowa wayoyin yaranmu ba shamaki. Da na ji Hisba tana rufe shagunan caca a Kano a ƙarshen 2024 na yi murna, amma na san tawa cacar da ta fi muni ba a shago na yi ta ba, a ɗaki na yi ta, ƙofa a rufe.

Na san ayar Ma'ida tun ina makarantar allo, inda Allah Ya haɗa caca da giya Ya ce Shaiɗan yana so ya hana mu ambaton Allah da salla da su. Sai da na ƙirga asubahin da suka wuce ni a gaban allo sannan na ji ta a jikina. Na sayar da babbar wayata na sayi ƙarama mai maɓalli. Katin bankina yana hannun Inna har shekara biyu. Sau ɗaya na koma, a 2022, da wayar wani aboki, dubu goma sha biyar suka tafi, na zo na faɗa wa ƙanina a daren, don na gane ɓoyewar ce take ciyar da abin.

Yanzu ina rumfar Baba, da mudunsa nake awo. Kwanakin baya wani yaro ɗan dako ya zauna a kan buhu kusa da ni yana latsa waya, sai na ji kiɗan nan yana hawa. Hannuna ya tsaya cak a cikin masara. Na ce, "Kai, zo nan. Biyu suka fito ko?" Ya zaro ido ya ce, "Baba, ya aka yi ka sani? Saura kaɗan na ukun ya shigo." Na zaunar da shi, na yage bayan kwalin sukari na yi masa lissafin ƙanina, sannan na ba shi labarin gurbi na goma sha biyar. Ya saurara har ƙarshe, ya ninke kwalin ya sa a aljihu. Jiya na hango shi a layin 'yan wake, kansa a sunkuye a kan waya, ban san me yake kallo ba.

Bashin Alhaji saura naira dubu ɗari uku da arba'in. Duk ƙarshen wata ina tura abin da ya samu, shi kuma ya kira ya ce ya gani, ya tambayi jikin Inna. Wannan watan dubu talatin na haɗa, ranar Juma'a zan tura in Allah Ya kai mu.